Haƙƙin Malamin Kwantiragi a Kanmu

 

Ya ƴan'uwa Musulmi: a 1998 gwamnatin Nijar ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya aka kira ƴan kwantiragi. Da yawansu an damƙa musu alli ba tare da cikakken horo ba. Su ne suka riƙe azuzuwan zana a ƙauyukan Dogon Dutsi da Tibiri, tun daga Matankari har Geceme, a kan albashin da ba ya kai su ƙarshen wata. Da aka yi musu jarrabawa a 2017, dubbai suka rasa aikinsu a faɗin ƙasa. Mun yi ta zarginsu a majalisu. To, wane ne cikinmu ya taɓa tambayar malamin garinsu abin da ya hana shi ƙaro ilmi?

Malamanmu sun karantar da mu cewa sana'ar da al'umma ba ta iya rayuwa sai da ita farillar kifaya ce: in kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Koyarwa na cikinta. Kuma ɗan gari ya fi baƙo zama, domin gonarsa da iyayensa suna nan.

Saboda haka muna ganin masallacin da ya iya tara kuɗin lasifika zai iya tara kuɗin mota da na abinci ga malami ɗaya, ya tafi makarantar horon malamai ta Mali Bero a Dosso, bisa alkawarin zai dawo ajinsa.