Manomin da Ya Ƙi Ɗaukar Bindiga

Idan hukuma ta ce wa Kirista ya tafi yaƙi, lamirinsa kuwa ya ce yaƙin na zalunci ne, wa zai bi?

A ƙauyen Sankt Radegund na ƙasar Ostiriya an yi wani manomi, Franz Jägerstätter, mai mata da 'ya'ya mata uku ƙanana, shi ne kuma mai kula da ɗakin sujada na ƙauyen. Da farko bai ƙi soja ba, har horo ya karɓa a 1940. Amma abin da ya gani na mulkin Hitila ya sauya masa tunani. Da aka sāke kiransa a 1943, ya je bariki da ƙafarsa, ya ce ba zai yi yaƙi ba, sai dai a sa shi jinyar masu rauni. Aka fille masa kai ranar 9 ga Agusta, yana da shekara 36.

Abin da ya fi taɓa mu, mu firistoci, shi ne shawarar da ya samu. Firistocin da ya tuntuɓa, har da bishop na Linz, sun tuna masa da iyalinsa, suka nuna masa cewa alhakin yaƙi yana wuyan shugabanni. Kada mu yi saurin zarginsu. Tun zamanin Waliyyi Agustin Ikilisiya tana koyar da cewa akwai yaƙin da ya halatta, aka kuma saba barin hukuma ta auna ko ya halatta ɗin. Wane uba ne kuma zai bar marayu uku da sauƙin zuciya? Amma Franz ya lura cewa yatsan talaka ne yake jan kunamar bindiga. Idan umarni yana wanke mutum daga kowane laifi, to lamiri ba shi da sauran aiki.

Shekara 22 bayan mutuwarsa, a 1965, Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar cewa ya dace dokokin ƙasa su yi tanadi domin wanda ya ƙi ɗaukar makami saboda lamiri, muddin ya yarda ya bauta wa jama'a ta wata hanya. Ta kuma ce biyayyar ido rufe ba ta zama hujja ga wanda ya aikata kisan ƙare dangi. Duk da haka ta girmama sojan da yake tsare ƙasarsa da gaskiya, kamar 'ya'yanmu da yawa da suke cikin kaki yau. A ganinmu, wuyar tana ga mai bindigar, domin yanzu ba ya iya miƙa wa na sama da shi dukan nauyin.

Mutanen ƙauyen sun daɗe suna ganin Franz ya yi taurin kai ne kawai. Ranar 26 ga Oktoba 2007 aka ayyana shi Mai Albarka a babban cocin Linz. Matarsa Franziska, wadda ta rene yaran ita kaɗai, tana zaune a wurin, tana da shekara 94.