Shan Iska a Inda Aka Tsare Mutane

A mahaɗar kogin Minnesota da na Mississippi, tsakanin Minneapolis da St. Paul a Amurka, akwai gandun shaƙatawa na jiha mai suna Fort Snelling. Hanyar ƙafa ta kewaye tsibirin Pike, kimanin mil uku a shimfiɗe, tana bin gaɓar kogi ɗaya ta dawo ta gaɓar ɗayan. Barewa na kiwo, talo-talon daji na tsallake hanya, jiragen sama na wucewa ƙasa-ƙasa saboda filin jirgi yana kusa. A fadamar da ke ƙasan tsohon barikin soja, daura da tsibirin, aka killace mutanen Dakota, 'yan asalin yankin, kusan 1,600 a hunturun 1862 zuwa 1863, yawancinsu mata da yara da tsofaffi waɗanda ba su ɗauki makami ba a yaƙin da aka gwabza tsakanin Dakota da Amurka. Ƙyanda da sanyi suka kashe tsakanin 130 da 300. A watan Mayu aka loda sauran a jiragen ruwa zuwa Crow Creek. To, ya dace mutum ya ɗaura takalminsa ya je can shan iska? Ni a ganina ya dace, amma bisa sharaɗi.

Hujja mafi ƙarfi ta masu ƙyamar hakan tana cikin addininmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a hanyar Tabuka, da Annabi (SAW) ya iso Hijr, kufan Samudawa, ya hana sahabbai shiga sai dai suna masu kuka, ya lulluɓe kansa ya gaggauta wucewa. Ke nan wuri yana ɗaukar nauyin abin da ya faru a cikinsa. Sai dai a duba dalilin hanin. Mutanen Hijr an halaka su ne saboda zaluncinsu, abin tsoron kuwa kada abin da ya same su ya sami mai shiga cikin gafala. Matattun Fort Snelling su aka zalunta, don haka lamarinsu ya fi kusa da ziyarar maƙabarta, wadda aka hana da farko daga baya aka halatta domin tana tuna lahira. A duka biyun hukuncin ya rataya ne a kan halin da zuciya ta shiga da shi. Ko a Hijr ɗin ma ba a rufe ƙofa gaba ɗaya ba, an bar ta ga mai kuka.

Tafiyar ƙasa kuma tana koyar da abin da takarda ba ta iyawa. A Nuwamban 1862 sojoji suka taso waɗannan mutane daga Lower Sioux, tafiyar kusan mil 150, mazauna garuruwan da suka ratsa suna jifansu. Mai karatu zai wuce wannan adadi bai ji komai ba. Wanda ya yi mil uku a bakin kogin nan cikin sanyin Nuwamba, da rigar sanyi mai kauri da cikinsa a ƙoshe, ya sami ma'aunin da zai ninka sau hamsin, ya ƙara goyo a baya. Jikokin Dakota da kansu wannan hanya suka zaɓa: a 2002 suka fara tattakin tunawa, suna bin sawun kakanninsu a ƙafa har zuwa nan. Da za a katange wurin a hana shiga da sunan girmamawa, ciyawa ce za ta rufe shi, mantuwa ta biyo baya.

Wani zai ce ai ƙasa ƙasa ce, babu taƙin da ba a mutu a kansa ba, in za a bi wannan babu inda za a taka. Gaskiya ne, amma matattun nan suna da magada a raye, waɗanda ke kiran wurin Bdote, da yawansu kuma suna ɗaukarsa tushen al'ummarsu. Ba sai ka yarda da aƙidarsu ba kafin ka san haƙƙinsu. Wanda ya ratsa gidan makoki ba a ce lallai ya yi kuka ba, amma ba ya shiga da kiɗa. Akwai wurin tunawa a gandun tun 1987. Tsayawa a karanta abin da ke rubuce, a sassauta murya, shi ne mafi ƙarancin ladabi. Bayan haka ya ji daɗin inuwa da kukan tsuntsaye, babu laifi. Jin daɗin halittar Allah ba cin amanar mamaci ba ne.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne cewa sanin mai yawo ba ya mayar wa kowa gonarsa. Yarjejeniyar da Zebulon Pike ya ƙulla da Dakota a madadin Amurka a 1805, wadda aka kafa barikin a kanta, shugabannin Dakota biyu kawai suka sa mata hannu, aka bar gurbin farashi babu komai, sai a 1808 Majalisar Dattawan Amurka ta cike shi da dala 2,000. Mai tafiya da hawaye da mai tafiya da dariya duk a kan wannan ciniki suke takawa, kuma hawaye ba ya biyan bashi. Wannan ba ni da ja a kansa. Abin da zan ƙara kawai shi ne, al'ummar da ba ta san an ci bashi ba ba za ta taɓa zancen biya ba, kuma wani lokaci sanin yakan kai ga aiki. A 2023 majalisar dokokin Minnesota ta amince a mayar wa al'ummar Dakota ta Upper Sioux filin wani gandun jiha, Upper Sioux Agency, inda aka bar kakanninsu da yunwa a 1862. A 2024 aka miƙa filin, aka rufe gandun, masu yawon ƙafa suka rasa hanyoyinsu a can. Duk wanda ya karɓi hujjata game da Fort Snelling, sai ya karɓi cewa wata rana tana iya kaiwa nan ma.