Waɗanda Suka Mutu a Gimi, Allah Ya Yashe Su Ne?

Wanda ya tsaya a Ƙofar Kibo ya dubi abin da ya rage na ganuwar Zariya, da wuya Kiristanci ya faɗo masa a rai. Birni ne na malamai da zaurukan karatu, kuma haka duniya ta san shi. Amma a cikin wannan ganuwa, a unguwar Durumin Maigarke, Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna tun daga 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana aikin fassarar Littafi Mai Tsarki wanda ya fito da Hausa a 1932. A 1929 aka mayar da aikin bayan gari, zuwa Wusasa, kusa da dutsen Kufena. Tarihin 'yar ƙaramar jama'ar Masihiyawa, wato Hausawa Kiristoci, da ta taso daga wannan aiki shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora wata magana da ake yawan yi a majami'u, wato cewa Allah yana tare da mai bi a cikin wahala. Maganar gaskiya ce. Sai dai yadda ake fahimtar ta a yau ya karkace, har ta koma alkawarin cewa wahalar za ta gushe nan ba da jimawa ba, ta bar riba a bayanta. A ganina, taimakon da bangaskiyar Kirista ta yi alkawari ƙarfi ne na tsayawa a cikin gwaji ba tare da gwajin ya sauya halin mutum ba, ko an sami mafita ko ba a samu ba.

Labarin Gimi ya isa hujja. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman fada suka yarda. An kashe shi a kasuwar Kurmi, mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi. Shekaru da dama bayan haka, a 1913, wasu daga zuriyarsu suka iso wurin Miller a Zariya suna neman ƙarin bayani kan Isa. Aka sama musu wuri a Gimi, suka yi gonaki, suka gina gidaje da makaranta da majami'a, wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karebiya, Rabaran Thompson, yana kula da su. Ga mutanen da kakanninsu suka sha kora, wannan ya yi kama da ƙarshen wahala. Sai ƙudan tsando ya kawo ciwon barci. Cuta ce mai cin mutum a hankali: zazzaɓi, kumburin wuya, rama, sannan barcin da ba ya ƙarewa, har a ga mutum da lomar tuwo a hannu yana gyangyaɗi. Cikin 'yan shekaru garin ya mutu, aka kwaso marayu da sauran waɗanda suka tsira zuwa Zariya. Waɗannan mutane sun yi addu'a, ba su bar sujada ba, kuma an binne su.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a ce a dubi abin da ya biyo baya. Daga wannan jama'a da makarantarta aka sami Dokta Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Duk wannan gaskiya ne, abin godiya ne kuma. Amma ban yarda a mai da shi hujjar taimakon Allah ba, don hujja ce mai cin amanar matattu. Matar da ta binne 'ya'yanta a Gimi, ita ma ta bi su, ba ta ga farfesa ba, ba ta ga janar ba. Idan nasarar jikoki ita ce shaidar cewa Allah yana tare da mutane, to gidan da ya ƙare kaf ba magaji fa, me za a ce da shi? Wannan lissafi na abokan Ayuba ne, waɗanda suka dage cewa wahala alamar laifi ce, wadata kuma alamar yardar Allah, kuma a ƙarshen labarin su aka tsawata wa. Manzo Bulus ya roƙa har sau uku a cire masa abin da ke damunsa a jiki, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ɗauke shi da shi. Yesu Almasihu kansa ya yi roƙo a Getsamani, washegari aka gicciye shi. Addinin da gicciye yake tsakiyarsa ba shi da bakin cewa wanda Allah ke so ba ya shan wuya.

To mene ne taimakon, in ba kuɓuta ba ne? Ana ganinsa a abin da wahala ta so ta yi wa mutum ta kasa. Bahaushen da ya karɓi baftisma yakan gamu da gwajin da ba ya shiga jarida. Surukai su zo su ɗauke 'yarsu da jikoki. A ware masa kwanonsa a gidan da aka haife shi. Masu sayen kayansa su koma rumfar maƙwabci, a yi rabon gado ba a aika masa ba. Ya je majami'a kuma, wani ɗan'uwa ya dubi babbar rigarsa da hularsa da shakka, kamar ɗan leƙen asiri; ranar rikici, harshensa yana jawo masa haɗari a wannan shinge, sunansa yana jawo masa a wancan. Abin da irin wannan matsi ke haifarwa a zuciya sananne ne, ƙiyayya ce ko fid da rai. Idan aka ga wannan mutum bayan shekaru yana durƙusawa ya gaida mahaifinsa, yana aika wa gyatumarsa hatsi da kaka, yana zuwa ta'aziyya gidan da aka kore shi, ba ya zagin addinin iyayensa, to akwai wani abu da ke riƙe da shi wanda ya fi ƙarfin halinsa na ɗan Adam. Wannan ne mai bi ke kira taimakon Allah.

Mai hankali zai ce ai wannan haƙuri ne kawai, kuma Bahaushe ya san haƙuri tun kafin Miller ya sauka daga jirgi. Musulmin da ke cikin birni ma yana binne ɗansa ya ce Allah ya karɓi abinsa, yana da tawakkali, yana karanta ƙissar Annabi Ayuba. Haka ne, kuma Kiristan da ya musanta wannan bai san maƙwabtansa ba. Ba a auna gaskiyar addini da wanda ya fi wani jurewa. Abin da Kirista ke da shi nasa na kansa shi ne tushen jurewar: ya gaskata cewa Allah, a cikin Almasihu, ya ɗanɗani ƙishi da cin amana da mutuwa, saboda haka wanda yake kuka gare shi ya san zafin daga ciki. Musulmi bai yarda da wannan ba, kuma ba sai an ɓoye saɓanin ba kafin a zauna lafiya. Amma wannan imani yana ba mai bi izinin yin kuka a fili, ya yi wa Allah ƙorafi kamar yadda Zabura ta cika da shi, ba tare da jin cewa bangaskiyarsa ta karye ba.

Wasu kuma sukan ce ƙarfin Masihiyawan farko na Turawan mulki ne. Tarihi bai goyi bayansu sosai ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta fi son zaman lafiya da sarakuna, ta taƙaita wa'azin mishan a masarautu, fitar da aikin daga cikin birni ma yana cikin wannan siyasa. Miller kansa mutum ne mai kaifin baki, rashin jituwarsa da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi sananne ne, kuma ba duk wahalar da mishan ta sha ba ce saboda bishara. Wata halin mutum ne ya jawo ta. Ko ma mene ne, Turawa sun tafi a 1960, jama'ar tana nan.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wannan koyarwa tana kashe zuciya, tana sa talaka ya rungumi zalunci yana kiran shi nufin Allah. Akwai wa'azin da ya cancanci wannan suka. Amma mutanen Wusasa ba su fahimci dogara ga Allah haka ba, shi ya sa suka tsaya ga makaranta da asibitin St Luke. Ciwon barci ma ba da addu'a kaɗai aka ci ƙarfinsa ba. Sai da aka sare kurmin bakin rafuka, aka tashi ƙauyuka, kamar yadda aka yi a yankin Anchau inda aka kafa Takalafiya. Bulus da ya yi haƙuri da ciwonsa shi ne kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar da aka so a danne masa hakki. Mai bi yana da ikon zuwa kotu, ya nemi filin majami'a, ya nemi a hukunta wanda ya ƙona ta. Abin da aka hana shi shi ne ramuwa. A ranar 17 ga Yuni 2012 aka tayar da bam a majami'ar ECWA ta Wusasa da babban cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari, ana tsakiyar sujada. A ranar kuma wasu matasa suka tare hanya a wajen Kaduna suka kashe Musulmi matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Gwaji biyu ne a yini ɗaya, kuma na biyun ya fi tona asirin abin da ke cikin zuciya. Wanda ya binne nasa ya hana ɗansa ɗaukar adda, shi ne ya sami ƙarfin da ake magana. Wanda ya tare hanya ya faɗi, ko da sunan Yesu ne a bakinsa.

Irin wannan ƙarfi ba a tara shi a ajiye. Majami'ar St Bartholomew da ke Wusasa ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, tana tsaye tun 1929, kuma duk wanda ya san ginin ƙasa ya san ba kaurin bango ke riƙe shi ba, yaɓen da ake sabuntawa ne bayan kowace damina. Haka addu'ar asuba, da karatun Littafi, da matan zumunta da ke zuwa da kwanon abinci gidan makoki su zauna a tabarma har dare. Ta hannun irin waɗannan mutane taimakon ya fi zuwa, shi ya sa wanda ya janye daga ikilisiya saboda kunyar halin da yake ciki ya fi kowa shiga haɗari.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya, a Zariya da wajenta, shi ne su gyara lokacin ba da shaida. Yanzu wanda ya sami aiki, ko mota, ko haihuwa, shi ke tashi a tafa masa, gwauruwar da addu'arta ba ta hana mijinta mutuwa ba tana can baya tana zargin kanta. Ku kira ta gaba, ku ba ta dama ta faɗi yadda ta kai yau, ku kuma koya wa yaran makarantar Lahadi labarin Gimi har da ƙarshensa.