Wa Ɗan Sandan Ƙofar Kotu Yake Yi wa Biyayya?

Alƙali ba ya riƙe bindiga, ba ya ɗaukar ankwa. Idan ya ce a tsare wane ko a sallami wane, wani hannu ne zai aiwatar, kuma a Najeriya hannun nan na aro ne. Na yi aikin magatakarda a wata kotun jiha, kuma wannan aron hannun ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan, ta tarayya. Don haka kurtun da ke ƙofar kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci, kwamishina ne ubangidansa, Sufeto Janar na Abuja yana samansu. Alƙali bai ɗauke shi aiki ba, ba ya biyansa albashi, ba ya iya hana a janye shi. Na ga ranar da aka kwashe 'yan sandanmu aka kai su rakiyar wani babba. Ga 'yan uba masu rikicin gado sun cika zaure, kowa ido jajir, babu mai shiga tsakani sai wani tsohon masinja. Dole alƙali ya ɗage zaman. Wata dattijuwa da ta taso daga ƙauye tun asuba ta naɗe takardunta a bakin zane, ta tambaye ni ko ranar da aka sa akwai tabbas. Ban iya ce mata e ba.

Malamai suna karantar da mu wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya ja kunnensa cewa hukuncin gaskiya ba shi da amfani in ba a zartar da shi ba, kuma ya daidaita mai ƙara da wanda ake ƙara a wurin zama da kallo. A ganina daidaitawar nan tun daga ƙofa take farawa. Kurtun da ya sara wa mai babbar riga, ya daka wa mai tsumma tsawa, ya riga ya karya zuciyar talaka kafin alƙali ya buɗe baki. Ɗan sanda ma amanar shari'a ce a wuyansa, har amanar wanda ake tuhuma, domin shi zai kare shi idan jama'a suka harzuƙa.

Ba na kewar zamanin En'e, lokacin da alƙali da ɗan doka suke ƙarƙashin sarki ɗaya. 'Yan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan tsari. Amma na yanzu ma yana da nasa rami. Ranar 6 ga Disamba 2019 hatsaniya ta kaure a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja da jami'an tsaron farin kaya na DSS suka nemi sake kama ɗan gwagwarmaya Omoyele Sowore, har mai shari'a ta tashi ta bar zauren. A rikicin masarautar Kano na 2024, kotun tarayya da ta jiha suka ba da umarni masu karo da juna, sai ya zama masu bindiga ne ke zaɓen wanda za su bi.

Abin da nake roƙo a rubuta shi ƙarara cikin doka: muddin ɗan sanda yana cikin harabar kotu, umarnin alƙali yake bi, kuma kada kwamishina ya janye shi sai da sanin Babban Jojin jiha, tare da turo madadinsa kafin a fara zama.