Tayin Ƙarya a Kasuwar Waƙa: Shin Sayen Masu Sauraro Halas ne?



Wata Juma'a bayan an idar da salla a masallacin da ke titi na 168 a unguwar Jamaica, cikin gundumar Kwins ta birnin New York, wani ƙanena ɗan garinmu ya ja ni gefe ya miƙo mini wayarsa. Da rana tuƙin mota yake yi, da dare kuma ya rufe ɗaki ya ɗauki waƙoƙin da ya tsara, yawanci na begen Manzon Allah (SAW) da na kewar gida. Ya shekara yana ɗora su a Spotify da Audiomack da YouTube, amma masu saurarensa ba su taka kara sun karya ba. Saƙon da ya nuna mini daga wani ne da ya yi alkawarin samar masa da dubban saurare cikin mako guda a kan kuɗi kaɗan. Ya ce, "Yaya, ka san harkar kwamfuta. In na saya, akwai laifi? Ai ba wanda na cuta, na'ura kawai zan yi wa wayo."

Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar ta fi yadda ya ɗauke ta nauyi. Wannan rubutu shi ne amsar da na yi ta juyawa a raina tun daga ranar.

Bari in fara da abin da ba shi na zo tattaunawa ba. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne: da yawa sun tsananta, Ibn Hazm ya sassauta, Imam Gazali ya ware wa batun sauraro babi guda a cikin Ihya'u yana rarrabe halaye. Kowa ya bi malaminsa. Tambayar ƙanena ta shafi har wanda muryarsa kaɗai yake ɗauka ba ganga ba kalangu, ta shafi mai ƙasida da mai wa'azi da mai karatu, duk wanda ya kai hajarsa kasuwar intanet yana neman a ji shi.

Wannan unguwa da muke zaune a cikinta ta san cinikin waƙa tun kafin intanet. A nan Vincent Chin da matarsa Patricia, waɗanda suka taso daga birnin Kingston na tsibirin Jamaika, suka kafa kamfanin VP Records a shekarar 1979, kuma a kan babban titin Jamaica suka yi shagonsu na sayar da faifan rege. A nan ma, a kudancin unguwar, 50 Cent ya girma. Bayan wani babban kamfani ya sallame shi, faya-fayen da ya riƙa fitarwa da kansa ana sayarwa a bakin titi su suka kai sunansa kunnen Eminem a 2002. Ba salon waƙarsa nake yabo ba, yadda cinikin yake nake son mu duba. Mai saye ya tsaya, ya saurara, ya zaro kuɗi daga aljihunsa. Haka abin yake a Ƙofar Wambai ta Kano a zamanin kaset, haka kuma wajen masu tura waƙa a waya a kasuwar Farm Centre. In an ce waƙa ta karɓu, mutane ne masu jini da tsoka suka karɓe ta.

Yau lamba ce ke magana. Kafin mutum ya danna waƙa sai ya dubi adadin waɗanda suka riga shi, manhajar ma da adadin take la'akari wajen zaɓar abin da za ta tura wa jama'a. To ita wannan lamba, mece ce a mizanin shari'a da na hankali? Shaida ce. Tana cewa mutum kaza sun ji wannan abu, wasu sun sake komawa. Wanda ya sayi saurare daga asusun bogi ya ɗauki hayar masu shaidar zur ke nan, ko da kuwa shaidun nasa wayoyi ne jere a kan kanta a wata ƙasa mai nisa.

Fiƙihunmu ya san wannan hali, har ya ba shi suna. Duk wanda ya taɓa shiga kara a Wudil ko Mai'aduwa ya san yadda ciniki ke tafiya: a taya, a ce albarka, wani ya ƙara. Idan wani ya shigo yana ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ruɗi na kusa da shi ya ɗauka sa ya kai haka, wannan shi ne najashu. Manzon Allah (SAW) ya hana shi, hanin ya zo a Buhari da Muslim, ya zo kuma a Muwaɗɗa ta Imam Malik wadda iyayenmu suka karanta a zaure. A mazhabarmu, in da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓin mayar da kayan. Ka lura, a najashu ba a taɓa san ba, ba a ɓoye aibinsa ba. Abin da aka gurɓata shi ne alamar da ke nuna yadda mutane ke son sa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da mai sayar da saurare yake sayarwa.

Sai maganar ƙanena cewa ba wanda ya cuta. A nan ne sanin yadda kuɗin ke rabuwa yake da amfani. Spotify ba ya biyan wani tsayayyen farashi a kan kowane saurare. Yana tara kuɗin masu biyan wata da na talla, ya ware kusan kashi biyu cikin uku domin masu haƙƙin waƙoƙi, sannan ya raba gwargwadon kason kowa a cikin jimillar sauraren da aka yi. Tukunya ɗaya ce ake ɗiba. Duk ludayin da aka ɗiba da ƙarya, daga rabon sauran mawaƙa aka rage shi, har da talakawa irinsa da ke Kano da Maraɗi da Kumasi. A watan Satumba na 2024 masu gabatar da ƙara na tarayya a nan New York suka tuhumi wani mutum mai suna Michael Smith, mazaunin jihar Karolina ta Arewa, da cewa ya samar da dubban ɗaruruwan waƙoƙi da ƙirƙirarriyar basira, ya sa asusun bogi suna ta kunna su, har ya kwashi fiye da dala miliyan 10. Abin da ƙanena ke shirin yi ɗigo ne a kan wannan, amma ruwan iri ɗaya ne.

Abin da ya fi tsorata ni a nan shi ne batun tuba. Malamai sun sharɗanta cewa in zunubi ya shafi haƙƙin mutane, sai an mayar musu da haƙƙinsu ko sun yafe. Wanda ya ci bashin maƙwabcinsa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda ya ɗebi ƙwandala ƙwandala daga rabon dubban mutanen da bai san sunansu ba, ina zai same su?

Duk da haka, adalci ne a faɗi abin da ke tura yaro irin wannan ga tunanin. Tun shekarar 2024 Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata goma sha biyu ba. Manyan kamfanoni suna da kuɗin talla da ma'aikata da hanyar shiga jerin waƙoƙin da ake tura wa miliyoyin mutane. Shi kuwa yana da wayarsa da kuɗin da ya biya wa DistroKid don a rarraba masa waƙa. Tarihin sana'ar ma ba tsarkakakke ba ne. Badaƙalar biyan masu gabatar da shiri a rediyo a ɓoye ta kai ga majalisar dokokin Amurka ta tsaurara doka a 1960, ta wajabta bayyana duk abin da aka biya don a sa. A 2005 kamfanin Sony BMG ya amince ya biya dala miliyan 10 bayan binciken babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, a kan irin wannan hali. Don haka idan ƙanena ya ce manya ma suna yi, bai yi ƙarya ba. Sai dai yawan masu tauye mudu bai taɓa mayar da tauyewar halas ba, kuma sura guda aka saukar da sunansu.

Dokar ta 1960 ta nuna mana inda iyakar take, kuma al'adarmu ta riga ta sani. Makaɗan Hausa suna tafiya da sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya ɗaga murya ya kambama waƙa da mai waƙa da wanda ake yi wa. Ba wanda ya taɓa kiran sanƙira mayaudari, domin kowa a filin ya san tare suke da makaɗin, ya san daga ina ake sallamarsa. Talla a fili halas ce. Ka biya Facebook ko Instagram su nuna waƙarka ga Hausawan Bronx da Landan da Jidda, da tambarin talla a jikinta, mutum na gaske ya ga dama ya danna ko ya wuce. Ka roƙi abokai su yaɗa a WhatsApp. Ka je suna da biki da taron Sallah ka rera. Ka buɗe shafi a Bandcamp inda mai so zai saya kai tsaye, kamfanin ya cire kashi 15 cikin ɗari, saura ya zo hannunka. Duk wannan kiran mutane ne su zo su ji. Abin da aka hana shi ne ka ce sun zo alhali ba su zo ba.

Akwai kuma wata hasara da aikina ya koya mini. A wajen injiniya babu abin da ya kai ma'aunin da ke ƙarya haɗari, domin injin da ya lalace kana iya gyara shi, amma in agogon awo ya ce lafiya lau alhali tukunya na dab da fashewa, ba ka ma san akwai abin gyara ba. Mawaƙin da ya cika shafinsa da sauraren bogi ya fasa ma'auninsa da hannunsa. Ba zai ƙara sanin wace waƙa ce ta taɓa zuciya ba, wace ce aka tsallake tun a baitin farko, a wane gari ake jin sa. Ga kuma haɗarin a gano shi a sauke waƙoƙinsa gaba ɗaya, tun da kamfanonin yanzu suna cin tarar masu rarrabawa a kan irin wannan. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, fuskokin jama'a ne ma'auninsa, daga gare su yake gane inda zai tsawaita da inda zai taƙaita. Mutum ɗari biyu da suka saurara da gaske suna koya wa mawaƙi abin da dubu hamsin na bogi ba za su koya masa ba.

Da muka sake haɗuwa na faɗa wa ƙanena wannan duka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, in na bi ta hanyar gaskiya kuma ba a taɓa jin ni ba fa?" Na ce masa hakan na iya faruwa, ba zan yi masa alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Arziki na Allah ne, kuma akwai masu baiwa da yawa da duniya ba ta san da su ba. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya rera yabon wanda aka yi wa laƙabi da Al-Amin sannan ya tallata yabon da shaidar zur.

Ni ma da nake rubutun nan ban tsira daga jarrabawar ba. Duk wanda ya taɓa ƙara gishiri a takardar neman aiki, ko ya roƙi 'yan'uwa su rubuta yabon shagonsa alhali ba su taɓa sayen komai a ciki ba, ya leƙa wannan kara. Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci, Ya sa albarka a cikin kaɗan ɗin da muka samu ta halas, Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani. Amin.