Zafin Giya da Iyakar Uzurin Ƙaddara

Man giyar babbar mota mai canza giya da kanta yana aiki lafiya idan zafinsa yana tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya haura 120 kuma ya daɗe a can, sai ya fara ƙonewa, ya yi baƙi, faifan kuloci da robobin da ke tare mai su lalace. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne: lodin da ya wuce ƙima, hawan tudu, da jan jiki a cunkoso ko hanya mai ramuka, inda iska ba ta bugun lagireto sosai. Saboda haka ake sa wa irin waɗannan motoci agogo ko fitilar gargaɗi a gaban direba.

A yankin Funtuwa da Malumfashi wannan ba zancen littafi ba ne. Da kaka ta yi, tireloli kan cika da masara, dawa, waken suya da auduga daga kasuwannin Ɗandume, Bakori da Funtuwa, su nufi Dawanau a Kano ko su gangara Kudu, kuma jigilar kan kai har watan Afrilu, lokacin da rana ke kusantar digiri 40. Yawancin motocin masu giyar hannu ne, amma daga cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Turai akwai masu canza giya da kansu. Idan giya ta ƙone a hanya, abin da aka fi ji shi ne ƙaddara ce. Abin tambaya shi ne ko wannan kalma tana sauke nauyi daga wuyan wanda ya ga gargaɗi ya ci gaba da tafiya.

A aƙidar Musulunci babu abin da ke faruwa a wajen ƙaddara, har da ƙonewar giya. Sai dai malamai sun bambanta imani da ƙaddara da fakewa da ita. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tare da dogara ga Allah. Sayyidina Umar kuma ya juya daga Sargh, a hanyarsa ta zuwa Sham, da ya ji annoba ta ɓarke a can, ya ɗauki juyawar ita ma a matsayin ƙaddara. Tsayawa a gefen hanya har mai ya huce yana cikin wannan babi.

Fiƙihun Malikiyya ya fi kusa da batun. A babin hayar dabbobi na littafin Mudawwana, wanda ya yi hayar dabba ya ɗora mata kayan da suka wuce sharaɗi, irin ƙarin da ke halakarwa, ta mutu, mai ita yana da zaɓi: ya karɓi ƙimarta ko kuɗin ƙarin kayan. Ƙa'idar ita ce ɗan aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. A nan agogon zafi yake da nauyi, domin shi ke raba jahilci da sakaci. Direban da giya ta tsinke masa ba tare da alama ba yana da uzuri. Wanda fitila ta kama a gabansa tun Bakori ba shi da shi.

Amma zalunci ne a jibge wa direba komai, kuma sau da yawa shi ake jibge wa. Ɗan kamasho ne ke ƙara buhuna, mai mota ne ke ƙin canza mai a kan lokaci, ko ya sa bakanike ya cire wayar fitila don kada ta dami kowa, mai kaya kuma yana buga waya a isa kafin kasuwa ta tashi. Mai motar da ya makantar da agogo da gangan ba zai nemi diyya daga direbansa ba, domin mutum ba ya biyan ɓarnar da mai dukiya ya jawo wa dukiyarsa. Idan kuwa ɓarnar ta taɓa kayan wani ko ran wani, yardar mai mota ba ta wanke direban da ya gani ya taka.