Tsakanin Mai Bayarwa da Mai Karɓa: Amanar Kayan Agaji

Nassi: 2 Korintiyawa 8:16-24, 2 Sarakuna 6:24-7:20, Ayyukan Manzanni 6:1-7



Mu mazauna arewacin Yobe ba mu san girgizar ƙasa ba sai a bakin rediyo. Masifar da muka sani ita ce ruwa. A daminar 2022 kogin Hadeja da na Jama'are suka kawo ruwan da kogin Yobe ya kasa ɗauka, ya tumbatsa ya shiga Gashua da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya cinye shinkafar fadama da geron da ya kusa girbi, gidajen ƙasa kuwa suka narke kamar gishiri. A faɗin Nijeriya a shekarar nan mutum fiye da 600 suka rasa rayukansu, sama da miliyan 1 suka rasa matsuguni. Ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa. Bayan kowace masifa irin wannan akan ga mutane masu yunwa, a kuma ga motoci ɗauke da buhuna. Tsakanin yunwar nan da buhunan nan akwai mutum na uku, wanda ke riƙe da makullin sito da takardar sunaye. A kansa nake so mu yi tunani, gama mun sha jin wa'azi a kan bayarwa, mun sha ji a kan godiya, amma da wuya a hau bagadi a yi magana a kan mai rabo.

Bari mu fara da mai yunwar, domin sai mun gane halinsa za mu gane nauyin zunubin mai cutarsa. Littafin Sarakuna na biyu ya ba da labarin yadda rundunar Suriya ta kewaye Samariya har abinci ya ƙare, aka sayar da kan jaki a kan shekel 80 na azurfa. Mata biyu suka ƙulla alkawari a kan 'ya'yansu, alkawarin da baki ba ya son maimaitawa, kuma da ɗayar ta kai ƙara gaban sarki, ba kisan ta kai ƙara ba, saɓa alkawarin ta kai. Ku dubi inda yunwa ta kai hankalin uwa. Da Ubangiji ya kori Suriyawa aka sami abinci a sansaninsu, jama'a suka yi tururuwa zuwa ƙofar gari, suka tattake jarumin da sarki ya sa tsaron ƙofar har ya mutu. Mutuwarsa cikar maganar Elisha ce saboda rashin gaskatawarsa, amma ƙafafun da suka bi ta kansa ba na mugaye ba ne, na mayunwata ne.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Disamba 2024, cikin mako guda, an yi turereniya a wurin rabon abinci a Ibadan, da Okija a Jihar Anambra, da harabar wata majami'a a Maitama, Abuja, mutane da dama suka mutu, cikinsu har da yara ƙanana. A Oktoba 2020 jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin annobar korona a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, bayan sun ji cewa abinci na jibge alhali suna kwana da yunwa. Ba na wanke mai fasa sito, sata sata ce. Amma Bahaushe ya ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Saboda haka idan ka ga uwa ta rubuta sunanta sau biyu, ko dattijo ya ture ɗan'uwansa a layi, kafin ka kira su marasa godiya ka tambayi kanka kwana nawa suka yi ba a ɗora tukunya a gidansu ba.

Annabi Amos ya fara annabcinsa shekara biyu kafin wata girgizar ƙasa ta zamanin sarki Uzziya, wadda aka daɗe ana tunawa da ita, har Zakariya ya ambace ta bayan ɗaruruwan shekaru. To, me Amos ya tarar a Isra'ila kafin ƙasa ta girgiza? Ya tarar da 'yan kasuwa masu ƙaramin mudu da ma'aunin zamba, masu haɗa ƙaiƙayi da alkama su sayar, masu ƙosawa Asabar ta wuce su koma ga cin talaka. Mugun mudun yana nan tun kafin masifa, masifa tana zuwa ta tarar da shi a hannun mai shi. Haka aka gani a Haiti bayan girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu 2010, wadda gwamnatin ƙasar ta ce ta kashe mutum fiye da 200,000. Duniya ta tara dukiya mai yawa. A 2015 'yan jaridar Amurka suka ba da rahoto cewa ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala miliyan 500, amma gidaje na dindindin shida kaɗai ta gina; ƙungiyar ta amsa cewa ta taimaki jama'a ta wasu hanyoyi. Ko ma yaya ne, shekaru suka shuɗe dubban mutane suna ƙarƙashin tantuna.

Ba sai mun haye teku ba. A Yunin 2017 ofishin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya bayyana cewa cikin kowace mota 100 ta hatsi da ake aikawa ga 'yan gudun hijirar Arewa maso Gabas, 50 ba sa isa inda aka nufa. A shekarar nan kuma aka ga dabinon da Saudiyya ta aiko domin masu azumi, tan 200, ana sayar da shi a kasuwa, har gwamnatin Nijeriya ta nemi gafara. Kafin wannan, a Oktoba 2016, ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da labarin mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri waɗanda aka ci zarafinsu, wasunsu da alkawarin abinci ko na aure, daga hannun waɗanda aka sa su kiyaye su. Mu kuma a Yobe muna tuna maganar kwangilar cire ciyawar da ke toshe hanyoyin ruwa, wadda kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Shehu Sani ya tono a Disamba 2016. An sauke Sakataren Gwamnatin Tarayya, Babachir Lawal, a Oktoba 2017, aka gurfanar da shi a kan kuɗi sama da naira miliyan 500, kotu kuma ta sallame shi ta wanke shi a Nuwamba 2022. Wanda kotu ta wanke, ba mu da bakin kiransa mai laifi. Abin da masunci da manomin Nguru suka sani shi ne, an ambaci miliyoyi da sunansu, kachala kuwa ba ta daina tare musu ruwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a nan zan tsaya, da kowa ya ce amin da ƙarfi, gama zunubin gwamnati yana da daɗin ji a majami'a. Amma buhuna suna zuwa ƙofarmu mu ma. Hedkwatar ikkilisiya takan aiko, zumuntar mata ta wata gunduma takan tara zannuwa da sabulu, 'yan'uwa daga Jos ko Legas ko ƙasar waje sukan aiko da kuɗi. Wa yake rubuta sunayen? Sau nawa sunan wanda ruwa bai taɓa dangarsa ba yake hawa saman takarda domin shi ƙanin dattijo ne? Sau nawa ake cire buhu biyu a ce na wahalar kwamiti, ba tare da an gaya wa ikkilisiya ko masu aikowa ba? Akwai kuma ɗaukar hoton gwauruwa riƙe da buhu cikakke, bayan hoto a juye mata mudu biyar. Mai yin haka yakan ce a ransa, ai ni ma ruwan ya taɓa ni, kuma masu aikowar suna da shi da yawa. Tunanin Gehazi ke nan sa'ad da ya bi karusar Na'aman, kuma mun san abin da ya manne wa jikinsa. Yahaya ma ya gaya mana cewa wanda ya fi kowa ɗaga murya domin talakawa a gidan Betanya shi ne mai riƙe da jakar kuɗi, yana kuwa ɗiba daga ciki.

Yanzu ku dubi Manzo Bulus. Ya yi shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima. Idan akwai wanda za a ba jaka a rufe ido, ai shi ne: mutumin da ya sha bulala da kurkuku saboda bishara, yana ɗinkin tanti domin kada ya nawaita wa kowa. Duk da haka ya ƙi ɗaukar kuɗin shi kaɗai. Ya aiki Titus, tare da wani ɗan'uwa wanda ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa, ba Bulus ya naɗa shi ba, da kuma na uku wanda aka gwada sau da yawa aka same shi da himma. A wasiƙarsa ta fari ya riga ya gaya wa Korintiyawa su zaɓi waɗanda suka amince da su, a aike su da takardu. Dalilinsa kuwa a fili yake: kada kowa ya sami abin zargi, kuma aikin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane.

Ku lura da wannan na biyun, gama a nan muke tuntuɓe. Idan aka tambayi ma'aji lissafi, sai ya ɓata rai ya ce, ashe ba ku yarda da ni ba? Allah ne shaidata. Gaskiya ne Allah shaida ne, amma Bulus bai ɓuya a bayan wannan ba. Bai ɗauki shaidu a matsayin cin mutunci ba, shi ya neme su da kansa. Mai gaskiya shi ya fi kowa amfana da lissafi, domin ranar da tsegumi ya tashi, takarda da shaidu ne za su tsaya masa. Fasto ko dattijon da ya ajiye kayan agaji a ɗakin kwanansa, ko da bai taɓa ƙwaya ɗaya ba, ya ba Shaiɗan igiyar da zai ɗaure hidimarsa da ita.

Ikkilisiyar farko ma ta sha wannan gunaguni. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu mata a rabon kowace rana. Manzanni ba su ce masu ƙorafi 'yan tawaye ne ba, ba su kuma ce a bar wa Allah ba. Suka tara jama'a, suka ce su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Ku karanta sunayen bakwai ɗin: Istifanas, Filibus da sauransu, dukansu sunayen Helenanci ne, na ƙarshensu ma baƙo ne daga Antakiya. Wato daga ɓangaren da aka ce an cuta aka ɗauko masu rabo. A majami'unmu na nan, inda Babur da Margi da Karekare da Ngamo da Ibo suke zaune a benci ɗaya, ba wuya a san yaren da ya fi yawa a kwamiti da kuma yaren da ya fi yawa a ƙarshen layi. Ruwa kuma bai tambayi addinin kowa ba. Maƙwabcinmu Musulmi, Babade ko Bamange ko Bafillace, wanda katangarsa ta faɗi tare da tamu, wataƙila ma kwalekwalensa ne ya fitar da yaranmu, yana da hakki a kan tausayinmu. Kada kuma a mai da buhu ƙugiyar kama mutum zuwa majami'a. Bangaskiyar da aka saya da shinkafa takan ƙare ranar da shinkafar ta ƙare.

Kutare huɗun nan na ƙofar Samariya, da suka shiga sansanin da ba kowa, sun ci sun sha, sun kwashi azurfa da tufafi sun ɓoye, sun koma sun sake ɓoyewa. Sai lamirinsu ya tsayar da su, suka ga abin da suke yi ba daidai ba ne alhali gari yana mutuwa, suka tashi cikin dare suka kai labari. Ba su jira gari ya waye ba. Ɗan'uwa, idan akwai buhu a gidanka wanda sunan wani ne a kansa, ko kuɗin da ka ce aro ka yi daga asusun agaji tun 2022, ƙofar tuba a buɗe take, amma tuban irin na Zakka ne, mai mayarwa. Ka sami dattawa biyu, ka faɗa, ka mayar.

Ga ikkilisiyoyi kuwa, kada mu jira sai ruwa ya kai gwiwa. Tun kafin watan Agusta kowace majami'a ta zaɓi masu rabonta a gaban taro, mata a cikinsu, daga yare fiye da ɗaya, kada kuma biyu su fito daga gida ɗaya. Makulli biyu, a hannu biyu. Abin da ya shigo a karanta shi ran Lahadi, abin da ya fita a karanta shi Lahadi mai zuwa, a aika wa masu bayarwa kwafin takardar. A raba wa mutane lamba, a kira su ƙungiya ƙungiya a fili mai faɗi, tsofaffi da masu goyo da farko, domin kada a ji labarin turereniya a harabarmu. Kada mace ta shiga sito ita kaɗai wurin namiji don karɓar rabonta.

Mu ci gaba da yin addu'a domin iyalan da har yanzu suke biyan bashin irin da ruwa ya cinye, domin ma'aikatan hukumomin agaji masu tsoron Allah waɗanda ake matsa musu su sa hannu a kan ƙarya, da kuma ma'ajin kowace ikkilisiya daga Nguru har Geidam. Amin.